Abin da Randar Iya Ke Haifa

Duk wanda ya taɓa jiran fasinja a bakin tasha a Bolari ya san randar Iya. Tana nan ƙofar gidanmu, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, an binne gindinta cikin jiƙaƙƙen yashi, da faifai a bakinta da moda ɗaure da igiya. Masu keke, 'yan acaɓa, kanikawa da hannuwansu baƙi ƙirin, mata masu tallar gyaɗa, kowa tsayawa yake ya sha. Akwai wani direba mai zuwa daga Yola da fasinjojinsa ke ƙorafi a kansa, wai ba ya buɗe musu but ɗin mota su ɗauki kaya sai ya fara jiƙa maƙogwaro a nan.

Ni ce Halimatu Sadiya, matar Usaini ɗan Iya. Tun makon da aka kawo ni gidan na gane ba Usaini kaɗai aka ɗaura mini ba, har da randa. Ni ke wanke ta, ni ke cika ta, ni kuma ke shan faɗa idan wani sakarai ya bar moda a ƙasa. Usaini dai nasa shi ne ya dawo daga gareji ya kwankwaɗa ya yi gyatsa ya ce Allah ya saka wa Iya.

Randar ba ta Iya ba ce, in ka tambaye ta. Ta Batul ce, autarta, wadda ta rasu kafin a auro ni, a shekarar da amai da gudawa ya shiga unguwar. An ce da safe yarinyar tana gugar kayan makaranta, washegari kafin la'asar an kai ta makwancinta. Har ta cika, ruwa take roƙo, ana ba ta yana dawowa. Bayan an share makoki ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida suna raba maganin ruwa, wato kulorin, a 'yan robobi masu murfi. Ɗaya daga cikinsu, mai saurin baki, ya ce da an riƙa ɗiga wannan a randa da abin bai kai haka ba. Shi ya faɗa ya wuce gida na gaba, ita kuwa maganar ta zauna mata.

Sai ta kafa randa a ƙofar gida, sadaka, ladan ga Batul. Iya ta yi imani, imanin da ba a taɓa mata shi, cewa duk modar da mai ƙishi ya sha a nan sanyinta na isa ga yarinyar da ta tafi da ƙishi. Wannan shi ne aikinta a duniya, ba ta da wani.

Da farko mutane sun ƙi ruwan. Suka ce warin asibiti yake. Iya kuwa Bakatsiniya ce, ta tashi a gidan da ba a shan ruwa sai an turara randa. Ta dawo da hikimar iyayenta. Kowace yamma ina juye randar in wanke, in kifa ta a kan kasko mai garwashi da ƙaro har hayaƙi ya kama cikinta. In cika ta da ruwan famfo, ko na mai kura idan famfo ya yi yaji. Sannan Iya ta fito da kanta ta zuba magani. A jikin robar an ce murfi ɗaya, amma hannun Iya bai san kaɗan ba. Daga nan ta jefa ƙunshin kajiji da saiwar jema, ta rufe, ruwa ya kwana.

Da safe idan ta ɗaga faifai, babu warin magani ko ɗis, sai ƙamshi mai sa mutum ya lumshe ido. Iya ta ce kajiji ne ke ladabtar da maganin. Amma zuciyarta ba ta natsuwa idan ba ta ji warin ba, sai ta ƙara wani murfin, wai don kada a ce. Kafin hantsi shi ma ya ɓace. Haka muka yi shekaru, kowa na yabo. Ɗantala mai keke, wanda ya mai da ƙofar gidanmu tasharsa, yakan ce ruwan Iya orijinal ne, ba shi da kwafi.

Maƙwabciyarmu Elizabet, da muke kira Maman Jesse, mutuniyar Kaltungo ce, tana aiki a ɗakin gwajin ruwa. Ita ma ba ta wuce randar idan ta taso aiki. Wata yamma ta shigo in yi mata kitso, ta tarar ina tsamo tsohon ƙunshin kajiji. Kajiji dai baƙi ne, amma namu kwana kaɗan yake yi ya koɗe, ya yi fari kamar furfura. Ta karɓa ta jujjuya, ta tambaye ni me ya mai da shi haka. Na ce maganin Iya ne ke wanke shi. Ta ce in gaya mata duk yadda muke yi, daga farko.

Ina bayani fuskarta na canzawa. Da na gama sai ta ce, a hankali, tana tsoron ruwan nan ba abin da muke zato ba ne, kuma dole a gaya wa Iya.

Ka gaya wa Iya tuwonta ya yi gishiri, za ta yi dariya. Amma randa? Na kai wa Usaini maganar, ya ce shi injin mota ya sani, kuma yana da wata bas da zai haɗa da sassafe. Namiji ke nan. Maman Jesse ta fi mu dabara. Ta ce ba za ta faɗi komai ba, nunawa za ta yi. A yammar nan, da na cika randa, ta sa na cika wani bokiti mai tsabta da ruwa iri ɗaya, ta roƙi Iya ta zuba masa magani da hannunta, ba hayaƙi ba kajiji, aka rufe. Iya ta yi ta tsokanarta, wai 'yan boko sai sun mai da shan ruwa jarrabawa.

Washegari da safe Maman Jesse ta shigo da kayan aiki a jikinta da kofunan gilashi biyu. Muka zauna a tsakar gida. Ta ɗebo na bokiti a ɗaya, na randa a ɗaya, kafin Iya ta yi ƙarin safiyarta. Duka biyun garau, ba ka bambanta su. Ta ɓallo wata 'yar farar ƙwaya ta ce wannan ba ta da aiki sai neman kulorin, inda duk ta same shi za ta nuna. Ta jefa a kofin bokiti.

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Launi ya taso daga gindin kofin kamar hayaƙi, ya murɗa, ya bazu, ruwan nan fari ya koma ruwan hoda shar a gaban idonmu. Iya ta ce, "Ikon Allah," ta matso da kujerarta.

Aka jefa ta biyu a kofin randa. Ƙwayar ta narke. Muka jira. Ruwa ya tsaya yadda yake, ko alama babu.

Iya ta dubi wannan, ta dubi wancan. Ta ce, "'Yata, da hannuna na zuba. Ina maganina ya tafi?"

Maman Jesse ta gyara zama ta yi mata bayani yadda ake yi wa uwa. Ta ce kulorin ba ya zama haka kawai, kama-kama ne da shi. Idan ya sami ƙwayar cuta ya kama ta ya kashe, wannan shi ne alherinsa. Amma ba ya tantancewa. Duk abin da ya fito daga tsiro, ganye ne, saiwa ce, ko baƙin hayaƙin da ya manne a cikin randa, shi ma kama shi yake. Idan kuwa suka kama juna, ba kulorin ba kajiji, wani abu na uku ake haifa, marar launi, wanda harshe ba ya ji. Shi ya sa a matatar ruwa sai an kwantar da laka an tace ganye tukuna a sa magani, don kada ya sami abin kamawa. A randarmu kuwa kullum muna haɗa su mu rufe, mu ba su dare guda. Ga shi maganin ya ƙare, babu mai tsaron ruwan idan hannu mai datti ya shiga, ga kuma abin da aka haifa.

Na zaci Iya za ta tashi ta kore ta. Ba ta yi ba. Ta ɗauki kofin mai launi ta ɗaga shi saitin rana, haske ya ratsa ya zubo mata a fuska. Ta daɗe a haka. Ta ce shekara da shekaru tana rufe faifan nan tana zaton ruwa barci yake, ashe aiki ake yi a ciki cikin duhu, ana kamawa ana haihuwa, ita tana ɗaki ba ta sani ba. Muryarta babu fushi, sai mamaki tsantsa irin na yaro. Ni ma tsigar jikina ta tashi, don hannuna ya fi na kowa shiga randar nan.

Sannan ta ajiye kofin, ta dubi marar launin. Ta ce, "To me nake aika wa yarinyar nan?"

Tausayinta ya kama ni.

Ta ce sai ta ga abin da idonta. Maman Jesse ta ce na'urar da ke ganinsa ba ta ofishinsu, amma akwai Jerome, wanda suka yi karatu tare, yana wani babban ɗakin gwaji a can gefen gari. Ta kira shi, ya ce mu zo. Ta cika wata 'yar kwalba da ruwan randa har baki, ba ta bar ko kumfa ɗaya ba, ta toshe ta sa a kula mai ƙanƙara, domin abin yana tserewa cikin iska idan ya sami hanya. Iya ta ɗaure bakin randa da tsohon zane, abin da bai taɓa faruwa ba, ta yafa mayafi. Ɗantala ya ɗauke mu a kekensa mai ƙafa uku. Duk hanya yana tambaya ko lafiya, Iya kuwa na rungume da kular.

Ɗakin Jerome sanyi ƙalau, ga tsit. Dogon mutum ne mai tabarau, ya durƙusa ya gaida Iya ya ba ta kujerarsa. Na'urar kamar firji take, ba wani kwarjini. Ya buɗe mana cikinta muka ga wani zare a naɗe, siriri kamar gashin kai. Ya ce ba zare ba ne, bututu ne, akwai rami a cikinsa, kuma in aka warware shi zai zagaye gidanmu. Idan ya tura ɗan tururin ruwan ta baki ɗaya, duk abin da ke ɓoye a ciki sai ya shiga tsere. Marar nauyi ya riga fita, mai nauyi ya biyo baya, na'ura na tsaye a ƙofa tana shaida kowa da lokacin fitowarsa. Iya ta sa ya maimaita maganar ramin. Ta leƙa, ta leƙa, ta ce ita ba ta ga rami ba amma ta yarda.

Ya fara da ruwan famfon ɗakin. A fuskar kwamfuta wani layi ya riƙa tafiya a miƙe, can ya ɗan yi tudu kamar kunyar gyaɗa, ya sauka, ya ƙara wasu ƙanana. Jerome ya ce ko'ina aka sa kulorin ana samun wannan ɗan kaɗan, kuma an yi masa iyakar da ba a so ya wuce. Sannan ya sa namu. Muka jira har ƙafata ta yi sanyi.

Layin ya taho a miƙe. Da ya iso daidai wurin nan sai ya miƙe sama. Ya hau, ya hau, na ce zai fasa saman allon, kamar dutsen Bima ya tsiro a tsakiyar fili. Ya sauko, wasu tuddai suka biyo shi a jere.

Jerome ya nuna babban da bakin biro. Ya ce sunansa kulorofom, shi ne abin da likitocin da can suke shaƙa wa mutum ya yi barci kafin a yi masa aiki. Na bayan kuma danginsa ne. Iya ta tambaya ko nawa ne a ciki, cokali ko ludayi. Ya yi murmushi ya ce ko kusa. Duk dutsen nan da muke gani, in an tara shi, bai wuce a ɗebi gishiri da yatsu biyu a watsa cikin tankar ruwa ba.

Iya ta kama haɓa. Ta dubi allon, ta dubi 'yar kwalbar da har yanzu take garau kamar hawaye. Na ga leɓɓanta na motsi, tasbihi take. Can ta ce, ba da kowa take ba, "In ɗan Adam ya iya auna wannan, ina ga awon ranar gobe ƙiyama."

Ni dai ji na yi duniya ta yi mini girma. Ashe modar da nake miƙa wa mutum ba tare da na duba ba, akwai duwatsu a cikinta.

Sai Iya ta juyo ta fuskanci Jerome sosai. Ta ce, "Ɗana, kada ka ji kunyata. Na cutar da wani?"

Bai yi mata ƙarya ba, kuma na gode masa. Ya ce ba abu ba ne da ke kayar da mutum yau ko gobe, kuma ba zai iya nuna wani ya ce ga wanda ya cutu ba. Abin da masu bincike suka lura shi ne, mutanen da suka yi shekaru masu yawa, ashirin ko fiye, suna shan ruwan da abin ya yi yawa a ciki, an fi samun ciwon dajin mafitsara a cikinsu. Ana kuma jin tsoronsa ga hanta da ƙoda, ana taka-tsantsan da masu juna biyu, ko da yake wannan ba a gama tabbatarwa ba. Namu ya haura iyaka nesa. Amma ya roƙe ta, har da haɗa hannu, kada ta ce za ta daina sa magani. Abin da maganin ke karewa a yini ɗaya yake kisa. Iya ta ce wannan ba sai an gaya mata ba. Ya ce to, murfi ɗaya yadda aka rubuta, a randa mai tsabta, ba hayaƙi, ba saiwa. Warin da mutane ke gudu shi ne shaidar mai tsaro na nan.

Muka dawo ana kiran azahar, rana kamar ta fasa kai. Mutane sun taru a rumfa suna kallon ɗaurarriyar randa kamar an yi rasuwa. Iya ta wuce su ta shiga gida. Ta aika aka kira Usaini daga gareji, ta ce ya je kasuwa yanzu ya sayo sabuwar randa wadda hayaƙi bai taɓa ba. Ya buɗe baki zai kawo maganar bas, ta dube shi sau ɗaya, ya fita. Ta sa na fitar da bokitin jiya na ajiye wa mutane. Ɗantala ya kurɓa ya yamutsa fuska, ya ce gaskiya wannan ba lebul ɗin Iya ba ne. Ta ce masa ya sha haka, daga yau ruwan ke nan, wanda ya ga ba zai iya ba ga masu fiya wata can. Ya shanye, ya ƙara.

Saura tsohuwar randa, cike da ruwan jiya. Na kwance zanen, ƙamshi ya bugo ni, na ɗauko bokiti zan kwashe in zubar a kwata. Iya ta ce in dakata. Ta ce ruwan da aka yi wa niyyar sadaka ba a zubar da shi, in juye mata a tulunta da jarkoki in kai ɗakinta.

Maman Jesse, wadda ba ta koma aiki ba, ta ce, "Iya, ai kin ji abin da Jerome ya faɗa."

"Na ji shi sarai," in ji Iya. "Ya ce sai an yi shekara ashirin ana sha. Ni ina na ga shekara ashirin? Su Ɗantala ne ke da ita."

Na kwashe ruwan tas na kai mata. Ta zauna bakin gado, ta cika moda, ta yi bisimilla, ta sha a hankali, tana tsayawa tsakanin kurɓa da kurɓa. Ni kuma ga zafi, ga ɗaukar jarkoki, maƙogwarona ya bushe. Da ta sauke modar sai na miƙa hannu yadda na saba.

Iya ta janye ta, ta rufe bakinta da tafin hannu.

A iya zamana da matar nan na ga ta shayar da mahaukaci, na ga ta shayar da ɓarawon da aka biyo, na ga ta tashi daga salla ta miƙa wa baƙo moda. Ban taɓa ganin ta hana wani ruwa ba. Idanunta sun cika, amma hannunta bai motsa daga bakin modar ba.

Ta ce, "Ke kam a'a, Sadiya. Je ki sha na bokiti."